Kwana 28 Na Farko: Nazarin Lamarin Wani Jariri Mai Buɗaɗɗen Baya a Jos

Matar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 21 lokacin da ta fara zuwa ƙaramin asibitin da nake aikin ungozoma a cikin garin Jos. Na sakaya sunanta da na unguwarsu, domin abin da ya same ta nake so a duba. Ta gama sakandare, tana ɗinkin hijabai a gida, maigidanta kuma yana sayar da kayan gwari a kasuwar Farin Gada, wato gida ne da kabeji da latas da karas ba sa yanke masa. Ba ta da ciwon suga, ba ta da farfaɗiya, ba ta shan wani magani na kullum, kuma a iya sanin dangin biyu ba a taɓa haihuwar yaro mai lalurar buɗaɗɗen baya a cikinsu ba. Na jero waɗannan tun da farko saboda su ne likita ke fara tambaya, kuma babu ko ɗaya a ciki da ya nuna cewa tana cikin haɗarin da ya wuce na sauran mata.

Ta zo awon farko cikinta yana wata biyar. Da na tambaye ta abin da ya tsayar da ita, sai ta sunkuyar da kai ta ce cikin fari ne, kuma manya sun ce a bari ya yi ƙwari tukuna saboda bakin mutane. Wannan amsa ba baƙuwa ba ce a wajenmu, domin binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa matan Najeriya da ke fara awo a cikin wata ukun farko ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Muka auna ta, muka ba ta magungunan da aka saba, wato jar ƙwaya ta sinadarin ƙarfe da 'yar ƙaramar rawaya ta folik asid, waɗanda mu da mata duka muke kira maganin ƙarin jini. Ta sha su yadda aka ce, kuma ni shaida ce, domin takan dawo da ledar babu kome a ciki, a sake cika mata. A wata na bakwai ta yi hoton ciki a wani shago, aka gaya mata kwanciyar yaro daidai take, ba a ambaci kome game da bayansa ba.

Naƙuda ta zo mata da dare a tsakiyar hunturu, irin sanyin Jos da ke sa mu ɗumama zanen jariri kafin ya fito. Haihuwar ta zo da sauƙi, namiji ne, ya yi kuka nan take. Sai da na juya shi zan goge masa baya na ga abin: wani ƙullutu kamar girman lemon tsami a ƙasan gadon bayansa, ja jawur, babu fata a kansa sai wata 'yar tantani mai sheƙi, ruwa garai-garai yana tsattsafowa daga gefensa. Hannuwansa suna motsi da ƙarfi, amma ƙafafun a sake suke, tafin kowace ya murɗe ya kalli ciki, fitsari kuma yana ɗiga ba tare da ya yi yunƙuri ba. Muka kwantar da shi rub da ciki, muka jiƙa tsabtataccen bandeji da ruwan gishirin asibiti muka rufe wurin, muka lulluɓe shi, sannan na rubuta takardar tura su babban asibiti a daren.

Surukarta ce ta fara magana. Ta ce, "Sista, ku ba mu shi mu tafi gida, ƙurji ne, akwai mai maganin da zai shafa masa ya fashe." Na ce, "Hajiya, don Allah ku yi haƙuri, abin da kuke gani lakarsa ce a waje, kuma ruwan nan shi ne wanda ke zagaye ƙwaƙwalwarsa. Duk abin da aka shafa a nan zai iya kaiwa har cikin kansa." Ta yi shiru tana kallon yaron, can ta ce wa ɗanta ya je ya nemo mota.

Domin a fahimci abin da ya faru, dole a koma makonnin farko na ciki. Ƙwaƙwalwa da laka suna farawa ne a matsayin wani shimfiɗaɗɗen faifai a bayan ɗan tayi, sai gefunansa biyu su ɗago su haɗu, kamar yadda tela ke haɗa bakin yadi biyu ya bi da ɗinki, har ya zama bututu. Ɗinkin yana somawa daga wajen tsakiya ya nufi sama da ƙasa, yana farawa a kusan kwana na 21 bayan shigar ciki, ya kammala zuwa kwana na 28, lokacin da ɗan tayin bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Idan ƙarshen sama ne bai rufe ba, ana haifar jariri babu cikakkiyar ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai, kuma irin wannan ba ya rayuwa. Idan na ƙasa ne, ƙashin baya ba ya iya rufe lakar, sai ta fito waje, abin da likitoci ke kira sipaina bifida. Wannan ɗinki yana bukatar ƙwayoyin halitta su riƙa rabuwa da sauri ƙwarai, kuma ba sa iya yin haka sai da isasshen sinadarin folet, wato bitamin B9, wanda folik asid shi ne nau'insa da ake haɗawa a masana'anta. Kwana na 28 bayan shigar ciki ya yi daidai da kimanin mako biyu bayan mace ta yi ɓatan wata. Ke nan a ranar da wannan baiwar Allah ta karɓi ƙwayar farko daga hannuna, al'amarin bayan ɗanta ya riga ya wuce da fiye da wata uku.

A ƙa'ida ana so a rufe irin wannan buɗaɗɗen baya cikin kwana biyu zuwa uku na haihuwa, don kada ƙwayoyin cuta su shiga su jawo sanƙarau. Nasa bai samu ba sai a kwana na tara, saboda haɗa kuɗin tiyata da jiran layi, har aka raɗa masa suna yana kwance a asibiti, aka raba goro da dabino a gida ba tare da mai jego ba. Allah ya kiyaye shi daga sanƙarau. Likitocin sun gaya wa uban gaskiya tun kafin aiki, cewa tiyata tana rufe wuri ne ta kare abin da ya rage, ba ta dawo da jijiyar da ta riga ta lalace. Bayan mako shida uwar ta lura cewa hular da ta saƙa masa ta daina shiga, maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri, idanunsa suna kallon ƙasa. Ruwa ne ya taru masa a kai, abin da ke samun mafi yawan yaran da ke da wannan nau'in lalurar, sai aka sake shiga da shi aka sa masa siririyar roba a ƙarƙashin fata, wadda ke janye ruwan daga kai zuwa ciki. Ƙafafun an yi musu ɗaurin filasta ana sauyawa mako-mako har suka miƙe. An kuma koya wa uwar zura robar fitsari sau da yawa a rana, aikin da iyaye kan raina, alhali shi ne ke kare ƙodar yaro, kuma lalacewar ƙoda tana daga manyan abubuwan da ke kashe irin waɗannan yara daga baya.

A cikin gida kuwa maganganu sun yi yawa. Wasu sun ce ta riƙa fita da magariba da ciki ne ta gamu da iska, wasu sun ce hannu aka sa mata, wata daga dangin miji ta ce su dai babu wannan a zuri'arsu, maganar da kowa ya san inda ta dosa. Gaskiyar magana ita ce mafi yawan jariran da ake haifa da wannan lalura suna fitowa ne daga gidajen da ba a taɓa ganinta ba, kuma gado yana da ɗan hannu a ciki, amma daga ɓangarorin biyu yake zuwa. Uwar ba ta tanka wa kowa ba. Ni ta zo ta samu bayan arba'in, yaron yana kan kafaɗarta saboda ba a goya shi ba tukuna, ta ce, "Sista, ni da ban taɓa tsallake maganin ba, me ya sa?"

Wannan tambaya ce ta sa na rubuta nazarin nan, domin amsarta ta fi shafar mu ma'aikatan lafiya fiye da ita. Mun ba ta maganin da ya dace a lokacin da ba zai iya yin aikin kare bayan ɗanta ba, kuma sunan da muke kiransa da shi ya taimaka wajen ɓoye aikin nasa. Wannan suna na maganin ƙarin jini yana da asali. A 1931 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, tana aiki a Bombay ta Indiya, ta gano cewa wani abu da ke cikin yis yana warkar da wani nau'in ƙarancin jini na masu ciki. A 1941 aka ciro sinadarin daga ganyen alayyahon Turawa, aka raɗa masa suna daga kalmar Latin mai nufin ganye. Saboda haka ƙarin jini gaskiya ne, kuma mai ciki tana bukatarsa har ta haihu. Sai dai macen da aka gaya wa cewa ƙwaya ta ƙarin jini ce ba ta da dalilin shanta tana lafiya lau, ba ta da ciki, ba ta jin jiri, alhali a daidai wannan lokacin ne ƙwayar ke iya kare bayan ɗanta.

Hujjar wannan kariya ta daɗe da tabbata. A 1991 aka fitar da sakamakon babban gwajin Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Nicholas Wald, wanda aka yi a kan mata sama da 1,800 da suka taɓa samun cikin da ke da lalurar. Waɗanda suka sha miligiram 4 na folik asid kullum tun kafin su ɗauki ciki, maimaituwar lalurar ta ragu a cikinsu da kimanin kashi 72 cikin ɗari. A 1992 gwajin Andrew Czeizel a Hangari ya nuna cewa kariyar ta shafi har matan da ba su taɓa haihuwar irin wannan jariri ba, kuma a shekarar hukumomin lafiya na Amurka suka ba da shawarar duk macen da za ta iya ɗaukar ciki ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum, wato kashi ɗaya cikin goma na waccan miligiram 4. Wani babban bincike a Sin da aka wallafa a 1999 ya nuna cewa wannan ɗan ƙaramin adadi ya rage lalurar da kusan kashi 80 cikin ɗari a arewacin ƙasar, inda ta fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kan wannan adadi, daga lokacin da mace ta fara neman ciki har zuwa mako na 12. Ba kowace lalurar bututun laka folik asid ke hanawa ba, amma yana hana mafi yawansu, kuma har yanzu ana ƙiyasta cewa ciki sama da 250,000 ne ke gamuwa da ita a duniya kowace shekara.

Maigidan ya yi tambayar da ta dace da sana'arsa: yaya za a ce matar mai kayan gwari ta rasa sinadarin ganye? Na zauna da su muka bi abincinsu na mako guda. Latas da kabejin da yake kawowa ragowar kasuwa ne, kuma ba kullum ake cin su ɗanye ba. Abincin yau da gobe tuwon masara ne da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, shinkafa da mai da yaji, wani lokaci gwate. Idan za a yi miyar alayyaho ko kwaɗon zogale, ana tafasa ganyen sosai a zubar da ruwan, folet kuwa zafi yana lalata shi, ruwa yana kwashe shi. Wake da gyaɗa da ƙwai da lemo da piya duka suna da shi, kuma ina ƙarfafa wa kowace mace cin su. Amma jiki yana amfana da kusan rabin folet ɗin abinci ne kawai, yayin da na ƙwaya yake shiga kusan gaba ɗaya, shi ya sa abinci kaɗai yake da wuya ya kai jini matakin da ke ba da kariya. A watannin farkon auren kuma tana ta laulayi, ba ta riƙe kome sai koko.

Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya, suka zuba sinadarin a cikin garin da kowa ke ci, don ya isa ga mace tun ba ta san tana da ciki ba. Amurka da Kanada sun wajabta haka a 1998, kuma a Kanada lalurar ta ragu da kusan rabi. Afirka ta Kudu ta fara a 2003 da garin masara da na alkama, ta ga raguwar kusan kashi 30 cikin ɗari. A watan Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurin da ke kiran ƙasashe su hanzarta wannan aiki. Najeriya ma ta wajabta ƙara folik asid a fulawar manyan kamfanoni, kuma NAFDAC da hukumar kula da ingancin kayayyaki ne ke sa ido. Sai dai a gidan da muke magana, masarar tuwo daga buhu take fitowa, a surfa ta, yarinya ta kai injin niƙa na bakin layi, kuma babu dokar da ke isa wannan injin. Biredi da taliya da fanke suna ɗan taimakawa, amma ban ga yadda za a dogara da su a irin unguwanninmu ba. Wannan ne ya sa na tsaya a kan ƙwayar.

Da yaron ya shekara biyu suka zo tare, ita da maigidan, suka ce suna son ƙari amma tsoro ya hana su. Macen da ta taɓa haihuwar jariri mai wannan lalura, haɗarin maimaituwa a wajenta yana kai kimanin uku zuwa huɗu cikin ɗari, wanda ya ninka na sauran mata sau da yawa. Likita ya rubuta mata miligiram 5 kullum, fiye da ninki goma na adadin da ake ba kowa, ya ce ta fara wata uku kafin su nemi ciki, domin jini yana ɗaukar makonni kafin ya cika da sinadarin, ta kuma ci gaba har ƙarshen mako na 12. Irin wannan babban adadi ne likitoci kan rubuta wa mai ciwon suga da mai shan wasu magungunan farfaɗiya, musamman balfurowet, wanda shi kansa yana ƙara haɗarin. Mai farfaɗiya kada ta daina maganinta da kanta, ta je a duba shi tun kafin ciki. Masu sikila kuwa sun riga sun san ƙwayar, da ita suke rayuwa.

Matsalar da ba mu hango ba daga cikin gida ta taso. Surukar ta ga matar ɗanta tana haɗiyar 'yar ƙwaya kowace safiya alhali ba ta da ciki kuma ba ta ciwo, sai ta ɗauka maganin hana haihuwa ne, har ta kwashe ledar ta ɓoye. Matar ta yi kwana huɗu ba ta sha ba, kunya ta hana ta tambaya. Maigidan ne ya kawo mahaifiyar tasa wajena. Na zuba ƙwayar a tafin hannuna na nuna mata, na ce, "Hajiya, ita ce dai rawayar da muke bayarwa a awo. Ba ta hana ciki, ba ta kawo shi, ginin bayan jikanku take taimakawa, kuma ginin yana ƙarewa tun kafin a san da cikin." Ta juya ta ce wa ɗanta, "To me ya hana ku faɗa mini tun farko?" Daga ranar ita ce mai tuni, da ta idar da sallar asuba sai ta ƙwanƙwasa musu ƙofa. Na ɗauki darasi a nan, domin mun yi wa mata da miji bayani mun manta da wadda ke da faɗa a gidan.

Bayan wata biyar da fara shan maganin ta yi ɓatan wata, kuma a wannan karon ta zo awo cikin mako guda. Akwai wani abu da ya kamata abokan aikina su kula da shi a nan. Daga mako na 13 ake fara ba masu ciki Fansidar don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, shi kuwa yana kashe ƙwayar cutar ne ta hanyar toshe mata folet, saboda haka miligiram 5 na folik asid yana rage masa ƙarfi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a haɗa su. Ƙwayar da ta fi yawa a kemis-kemis ɗinmu kuwa ta miligiram 5 ce. Da ta cika mako 12 muka mayar da ita kan maikirogiram 400 haɗe da sinadarin ƙarfe, sannan ta fara Fansidar. A mako na 20 aka tura ta hoton ciki wajen ƙwararre, da takardar da ta bayyana tarihinta, ya bi ƙashin bayan ɗan tayin gaɓa-gaɓa ya duba kansa. Ta haifi mace a hannuna, kuma kafin na yanke cibiya uwar ta ɗago kai ta ce, "Sista, juya ta." Na juya ta. Bayan a rufe yake, sumul.

Ba zan ce ƙwayar ce kaɗai ta kawo wannan sakamako ba, domin ko ba ta sha kome ba, mafi rinjayen zato shi ne za ta haifi lafiyayya. Abin da ta yi shi ne ta rage haɗarin da ke kanta zuwa kusan kashi ɗaya cikin ɗari, da maganin da kuɗinsa na wata bai kai na kwanon masara ba, alhali tiyata biyu da zaryar asibiti sun cinye jarin maigidanta har ya koma yi wa wani tsaron rumfa na wani lokaci. Hujjar tana cikin gwaje-gwajen da na ambata, lamarin wannan gida kuwa ya nuna inda muke rasa matan ne.

A asibitinmu mun sauya abu biyu. Masu zuwa gwajin jini kafin aure, wanda yanzu iyaye da limamai da yawa a Jos ke nema saboda sikila da cutar ƙanjamau, muna yi musu bayanin folik asid a zaman karɓar sakamako, ango yana zaune, muna kuma cewa amarya ta fara sha tun kafin biki. Masu jego kuma muna gaya musu ranar rigakafin yara cewa su ci gaba da maikirogiram 400 bayan yaye, tun da yawancin ciki ba a shirya masa rana. Na daina cewa maganin ƙarin jini kawai, ina cewa maganin ƙarin jini da ginin bayan jariri, ko da yake ya fi tsawo a baki.

Yaron yanzu yana da shekara huɗu. Ba ya tafiya, yana jan jiki da hannuwa da saurin da ke ba baƙo mamaki, ana kai shi gashi sau biyu a wata, kuma an taɓa kwantar da shi sau ɗaya da robar kansa ta toshe, uwar ta gane da wuri saboda amai da yawan barci. Bakinsa ya buɗe sosai, ya haddace Fatiha da ƙananan surori, uban kuma yana neman makarantar da za ta yarda uwar ta riƙa shiga da rana tana zura masa robar fitsari. Makon jiya ta zo da ƙanwarta da aka sa wa rana bayan Babbar Salla, ta zaunar da ita a kan bencin awo, ta ce in rubuta mata irin ta kowa da kowa, ta maikirogiram 400, in kuma duba ko 'yar'uwar wadda ta haifi irin ɗanta tana bukatar fiye da haka. Tambaya ce mai kyau, domin kusancin jini yana ɗan ƙara haɗarin, sai na haɗa su da likita a ranar.